Na Sa An Ɗaga Motarka

Zango, Kwatano
Laraba, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Chérif,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sabrina. Allah Ya ba ka ƙarfin aikin da kake yi, Ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana damunka, Ya sa takardun zamanka su fito cikin sauƙi. Mu nan muna lafiya gwargwado. Damina ta sauka da ƙarfi bana, ruwa ya kwanta a lungunmu har sai da aka jera bulo ake takawa zuwa masallaci. Nawal ta gama jarrabawar bak ta kammala sakandare, tana jiran sakamako, ta kasa zama wuri ɗaya, in ta share tsakar gida sai ta sake sharewa. Kasuwa a Misebo sai a hankali, atamfa ba ta tafiya cikin ruwa, amma ba mu rasa na cefane ba. Maigidana, Baban Nawal, yana gaishe ka ƙwarai.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya, kullum muna aika wa juna murya. Hajiya Karimatou, maƙwabciyata a kasuwa, za ta tashi ranar Lahadi zuwa wurin 'yarta a can wurinku Beljiyam, ita na roƙa ta sa maka wannan a hannu. Na zaɓi rubutu ne don na san halinka. In na fara magana a waya ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba, ni kuma da ka ɗaga murya sai in manta abin da na shirya faɗa. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa, don haka bari in sauke nauyin tun daga farko. Na sa an taɓa motarka. An canja mata salansa, an cire gajerun sifirin ɗin da suka kwantar da ita ƙasa, an ɗaga ta ta koma tsayin sauran motoci. Ban tambaye ka ba. Akwai kuma abin da ya sami Baba, wanda shi Baban ya hana ni faɗa maka, kuma shi ne sanadin komai. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Ban manta ranar da aka fito da ita daga tashar jirgin ruwa a watan Maris ba. Duk unguwa aka fito kallo. Shuɗiya, tana sheƙi, ta durƙusa ƙasa har tafin hannu ba ya shiga tsakanin taya da jikinta, in aka tayar da ita kuma muryarta na kaiwa layin dogo. Na san abin da take a wurinka. Shekara uku kana loda motocin mutane a jirgi kana kallonsu suna tafiya, wannan ce ta farko da sunanka ke kan takardarta. Ka ce wanda ya sayar maka shi ya rage mata tsayi ya sa mata salansa mai ƙara, kuma abin da ya ba ka sha'awa ke nan. Ka ce mu riƙa kai Baba asibiti da ita har ka zo a Disamba, amma ka kafa sharaɗi ɗaya, cewa kada wani bakanike ya sa mata sifana. Na ce maka na ji, kuma da gaske nake a lokacin.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye bara ba ya iya hawa zem, babur ɗin hayar nan. Sau uku a mako muke haye gada zuwa Akpakpa wurin masu motsa masa jiki. Baban Nawal ke tuƙi, ni a gaba, Baba a baya ya miƙe ƙafarsa. Tun fitar farko muka gane titin can ba titin nan ba ne. Daga ƙofar gida zuwa kwalta akwai bakin kwalbati, bayan shi kuma ga tudun nan da ake yi don rage gudu, wanda mutanen nan ke kira bayan jaki, har guda bakwai kafin asibiti. Na ƙirga su don kowane ɗaya a cikina nake jinsa. Baban Nawal ya koyi hawansu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu zem na danna masa oda suna dariya. Duk da haka sai ka ji ƙarfe ya gurzi ƙasa. A manyan tudun har sauka nake yi don ta rage nauyi, ka san yayarka ba ƙarama ba ce, in tsaya da jakata ina jira ta haye sannan in koma. A mako na uku Baba ya ce muryar motar ta canja. Ya ce wannan ba ƙarar ado ba ce, numfashi take yi ta inda ba hanci ba. Muka ce masa ai Chérif ya ce haka aka yi ta. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Maraɗi, shi muka mayar wa wannan amsa.

Daga nan ciwon kai ya fara. Duk ranar da muka je Akpakpa sai Baba ya dawo yana riƙe da goshi, ya ƙi abinci, ya kwanta har la'asar. Wani lokaci kafin mu kai gada ya yi barci, mu iso asibiti da ƙyar a tashe shi. Masu motsa jikin suka ce ƙarfinsa na raguwa maimakon ƙaruwa. Muka ce gajiya ce. Aka auna hawan jini aka ga bai tashi ba. Goggo A'isha Humaira ta kawo rubutu da hayaƙin turare, ta ce ƙila iskar gada ce ke bugunsa. Ni kaina nakan ji kaina ya yi nauyi a ranakun, sai in ce rashin karin kumallo ne. Ba mu taɓa lura cewa ranar da ba a fita ba lafiyarsa ƙalau ba. Warin hayaƙi kuwa, wa zai bambance shi a Kwatano, inda babura dubu ke tafe a gabanka? Abin da ya riƙa ceton mu ba mu sani ba shi ne na'urar sanyin motar ba ta aiki, don haka Baban Nawal kullum gilashinsa a sauke yake.

Ranar Alhamis, sha tara ga watan jiya, muka fita da hantsi sama ta yi baƙi. Muna hawa tsohuwar gada ruwa ya tsuge, irin mai iska, dole muka rufe gilasai duka. Wata motar kaya ta mutu a can gaba, hanya ta tsaya cik, injinmu na aiki muna ja taku ɗaya mu tsaya. Mun kusa awa a haka. Na ji zuciyata na tashi, idona na ganin abu biyu-biyu, Baban Nawal na ta hamma yana murza ido. Na juya in miƙa wa Baba ruwa, sai na ga kansa ya jingina da gilashi, bakinsa a buɗe, carbinsa ya faɗi ƙasa. Na kira shi bai amsa ba. Na girgiza gwiwarsa, ƙafar ta tafi kamar ba tasa ba. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na fita cikin ruwan ba, ƙafafuna kuma suka ƙi ɗaukata, na durƙusa a kan kwalta. Masu zem ɗin nan da ke mana dariya kullum, su suka taru. Suka fito da Baba suka kwantar da shi a gefen gada, wata mai sayar da burodi ta kare shi da lemarta. Da iska ta buge shi sai ya yi amai, ya buɗe ido kaɗan bai san inda yake ba. Mota ba ta da hanyar fita, don haka suka ɗora shi a babur, wani ƙato ya zauna a bayansa ya rungume shi, suka ratsa tsakanin motoci. Na bi su a wani babur ɗin, takalmina ɗaya a ƙafa. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Duk hanya abin da nake faɗa wa kaina shi ne shanyewar ce ta dawo. A asibiti aka sa masa iskar numfashi, aka ɗauki hoton kai, likitar ta fito ta ce ba ta ga sabon abu ba. Wata matashiya ce, Faransancinta da sauri, sai da na roƙe ta ta rage. Ta dube ni ta tambayi me ya sa ni ma nake riƙe da kai. Ta tambaya ko muna girki da gawayi a ɗaki rufe, ko muna kwana kusa da janareta, na ce a'a. Ta ce to ina muke lokacin da abin ya faru. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro ta ce kada kowa ya sake shiga motar sai an duba ƙarƙashinta, domin a cikin hayaƙin mota akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum har ya wuce. Ta sa aka ɗaura mini robar numfashin ni ma, aka aika a kirawo Baban Nawal. Kwana biyu Baba ya yi a can. Da hankalinsa ya dawo, magana ta farko da ya yi mini ita ce kada in kuskura in gaya maka. Ya ce ya san ɗansa, zai bar aiki ya hau jirgi, kuma in ya fita kafin takardunsa su fito wahalar shekara tara ta tashi a banza. Ya sa na ce na yarda.

Da aka sallame shi muka sa aka ja motar zuwa wurin Malam Kassoum. Za ka tuna shi, shi ne ya yi shekaru yana bin Baba a babbar mota kafin ya buɗe garejinsa kusa da layin dogo. Yanzu gemunsa ya yi fari. Na ce masa dubawa kawai zai yi, ba taɓawa ba. Ko hawa ramin gyara ma ta kasa, sai da aka shimfiɗa mata katako. Ya shiga ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce in sauko in gani da idona, don ba ya son ya zama shi ya faɗa. Na tattare zanena na sauka. Ya haska mini da tocila. Bututun hayaƙin ya lotse wuri biyu, ya tsage daidai ƙarƙashin kujerar baya, tsagar da yatsana ke shiga. Robobin da ke riƙe shi biyu sun tsinke. A saman tsagar kuma ƙarfen ƙasan motar ya ruɓe, ya ce gishirin da ake zuba wa titi a ƙasashen ƙanƙara ne ya ci shi, gurzar da muke yi ta ƙarasa huda shi. Bakin ramin duk baƙin toka. Da muka fito ya ɗaga kujerar baya, soson da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin, daidai inda Baba ke zama. Sai da aka ba ni benci.

Malam Kassoum ya ce walda ba wuya, a yini ɗaya zai liƙe tsagar ya toshe ramin. Amma ya ce in ba a ɗaga motar ba, mako ɗaya ya yi yawa za ta sake fashewa, kuma shi ba zai yi aikin da ya san zai koma ya kashe maigidansa ba. Ya nuna mini sifirin ɗin. Na gaba gajeru ne na saye, amma na baya yanke su aka yi da injin yanka ƙarfe, har bakin yankan na nan da kaifi. Ba na jin wanda ya sayar maka ya faɗa maka wannan. Su shoka kuma, waɗanda ke shanye girgizar hanya, duk huɗun sun zubar da mansu sun mutu. Ni da nake sana'ar yadi na gane maganarsa, kamar mutum ne ya ɗinke zane ya koma ya zauna kan ƙusar da ta yaga shi.

Kwana huɗu na yi ina kai da komo. Baban Nawal ya ce mu lulluɓe ta da tamfal mu bar ta har ka zo, tunda amana ce. Muka gwada taksi, amma babu mai yarda ya shigo lungunmu cikin ruwan nan, kuma Baba ba zai taka bulo har bakin kwalta ba. Zuwa asibiti sau biyu ya rasa, yatsunsa na hagu suka fara komawa su dunƙule. A kasuwa kuwa jikina ne kawai ke rumfa. Wata ta sayi yadi shida na yanka mata biyar, wata na ba ta launin da ba shi ta nuna ba, har Hajiya Karimatou ta ce in tafi gida kafin in kori masu saye. Ranar Lahadi na kira ka da niyyar in faɗa. Kana ɗauka ka fara tambaya ko ana rufe motar saboda iskar teku, ko ana wanke tayoyin, ka ce ka sayo mata sababbin fitilu za ka taho da su. Muryarka cike da murna. Na ce e ana yi, na tambayi Sabrina, muka yi sallama. Washegari da safe na tsaya ina kallon Baba yana ƙoƙarin ɗaukar kofin shayi da hannun hagu yana kasawa. Na yafa mayafi na tafi gareji da ƙafa na ce wa Malam Kassoum ya yi duk abin da ya kamata. Baba bai sa ni ba, Baban Nawal bai sa ni ba. In da laifi, nawa ne ni kaɗai.

Samun kayan ya fi aikin wuya. Kwana uku Malam Kassoum da Baban Nawal suna yawo wurin masu sayar da kayan mota na hannu, daga Akpakpa har filayen motocin da ke hanyar Seme. Suka samo sifirin huɗu da shoka huɗu aka ɗaura. Da aka sauke ta daga jak sai gabanta ya fi bayanta tsayi, kamar akuya ta miƙe tana cin ganye. Baban Nawal ya dawo gida yana ba da labari ransa a ɓace, Baba na ji daga ɗaki. Sai ya ce a kai shi. Na ce jikinsa bai yi ƙwari ba, ya ce ai ba ɗaga motar zai yi ba. Aka samo amalanke mai babur ya shigo har ƙofa, aka kai shi aka sa masa matashi a benci. Ya sa aka ciro sifirin ɗaya na gaba aka ajiye masa a cinya. Ya ƙirga zagayensa da yatsa, ya shafa kaurinsa, ya ce wannan na mai injin gas ne, injinta ya fi nauyi, shi ya sa ya cilla tamu sama. Malam Kassoum, da furfurarsa da komai, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiyar maigida ne, ya koma Akpakpa ya canjo.

Tun daga ranar Baba ya mayar da garejin wurin zamansa, daga hantsi har azahar. Ni kuma na kasa zama a rumfa, sau biyu sau uku nake hawa zem in je in duba shi in dawo. Duk zuwan da na yi sai in tarar yana magana. Maganar da ya yi cikin kwanakin nan ta fi wadda ya yi tun bara. Aka samo salansa cikakkiya mai ƙarfe mai kyau, aka sa sababbin robobi, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya liƙe faranti, aka shafe shi da kwalta ciki da waje, aka jefar da soson kujerar aka sa wani. Malam Kassoum ya ce an gama, Baba ya ce ba a gama ba. Ya sa aka tayar da inji, aka toshe bakin salansa da tsumma, aka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. A mahaɗa ta biyu sai ga kumfa na tashi, ɗan ƙarami kamar idon kifi. Aka kwance aka sake ɗaurewa. Sau uku ana gwajin nan kafin ya yarda. Ruwa ba ya tsami banza, in ji shi, kuma wanda ya sha sau ɗaya shi ya fi kowa sanin ɗanɗanonsa.

Ranar Asabar da ta wuce muka fita gwaji. Baba ya ce gaba zai zauna, ni na koma baya, wurinsa. Ya ce wa Baban Nawal ya daina karkace-karkacen nan ya hau bayan jakin kai tsaye kamar mai mota. Muka zo na farko. Ta hau ta sauka, babu abin da ya taɓa ƙasa. Haka na biyu, haka har na bakwai. Baba ya rufe ido, na dafa kafaɗarsa, ya ce in bar shi sauraro yake yi. Can ya ce akwai abin da ke ƙwanƙwasa a baya ta hagu. Mu ba mu ji komai ba, amma wannan karon babu wanda ya yi musu. Muka koma gareji aka tarar da noti ɗaya bai ɗauru ba. Jiya da shekaranjiya duk mun fita da ita, Baba ya dawo ya ci tuwonsa ba ciwon kai. Ni ce dai har yanzu ban warke ba. Ko ruwa ake yi ba na yarda a rufe gilashi, gara mu jiƙe, kuma in muka hau gada ba na daina juyawa ina kiran sunansa har sai ya ce in ƙyale shi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta da kyau kamar da. Muryar nan ta tafi, yanzu sai ta shigo lungu ba a ji ba. Samarin unguwa sun ce mun ɓata ta, wai ta zama motar alhazai. Tsofaffin kayan suna cikin buhu a ɗakin ajiya, ban yar da ko ɗaya ba. Malam Kassoum ya ce na gaba za su iya komawa in ka so, amma yankakkun na baya ba zai ɗaura wa kowa su ba. Motarka ce, in ka zo ka yi yadda ka ga dama da ita.

Saura abin da ya fi hana ni sukuni, kuma shi ya sa na karya alkawarin da na yi wa Baba. Tun bayan ranar gadar yana mantuwa. Yakan yi sallar la'asar ya tambaye ni ko ya yi. Sau biyu ya kira ni da sunan Inna, Allah Ya ji ƙanta. Ranar Litinin ya tambayi Nawal ko Chérif ya dawo daga makaranta, sannan ya gane, ya juya fuska. Likitar ta ce hakan na faruwa bayan irin wannan hayaƙi, sau da yawa yana wucewa, wani lokaci kuma ba ya wucewa duka, ta ce mu koma a Agusta a sake dubawa. In maganar mota ce kuwa babu abin da ke kuɓuce masa. Na yi ta tunanin in wani abu ya faru ka ji daga baya cewa na sani na yi shiru, da wane ido zan dube ka. Ubanmu ne mu biyu. Ba na roƙon ka taho, ina roƙon kada ka taho sai takardunka sun fito, don in ka taho yanzu ka tabbatar masa da abin da yake tsoro, ni kuma na zama sanadi. Abin da nake so shi ne ka riƙa kiransa, ba gaisuwar minti biyu ba. Ka tambaye shi yadda aka yi aikin, ka bar shi ya yi maka bayani tun daga sifirin har kumfar sabulu, ko da ka sani. Faɗan kuma ka kira ni daban ka yi mini, zan saurara har ka gama. Ranar Lahadi in Hajiya ta tashi, ni da kaina zan durƙusa in gaya masa na rubuto maka. Ban san yadda zai ɗauka ba.

Na sa hoto ɗaya cikin ambulan ɗin, Nawal ta ɗauka ranar gwaji a ƙofar gareji. Na san idonka tayoyin zai fara zuwa. In ka gama da su ka dubi Baba. Tsaye yake ba sanda, kuma hannun da ya riƙe murfin ƙofar da shi na hagu ne.

Ka gaishe mini da Sabrina da kyau, ka ce mata yajin da daddawar da ke cikin ƙullin da na ba Hajiya nata ne, atamfar kuma in ba ta son launin ta faɗa ba kunya. Ka gaishe da Kamaludeen da iyalinsa, da duk 'yan Zangon da kuke haɗuwa ranar Juma'a. Goggo A'isha Humaira na gaishe ka, ta ce ka rage ɗaukar kaya masu nauyi. Kawu Muhuyi da Shafa'atu suna gaisuwa, Malam Kassoum ma ya ce in isar. Nawal ta ce ka sa ta a addu'a. Allah Ya tsare ka, Ya huce zuciyarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Saoudatou